DICK TIGER KO MARVIN HAGLER: WA ZAI KASHE WANI?

Masu sha'awar dambe ba su rabo da gardama guda, wato gwada gwanin jiya da gwanin yau. Duk inda 'yan Arewa suka taru da yamma, ko a Sabon Badun ne, ko Agege, ko Obalende a Ikko, in hira ta biyo ta kan damben gargajiya sai ka ji wani ya rantse cewa Shagon da Ɗan Anace ya wasa, da yana nan da ƙarfinsa, ba yaron da zai yi turmi biyu a gabansa. To, damben Turawa ma haka abin yake, kuma ajin da gardamar ta fi zafi a kansa shi ne na masu matsakaicin nauyi, waɗanda ba a yarda su wuce laba 160 a sikeli ba, wato kilo 72 da rabi. Dalili kuwa, mutanen wannan aji suna da naushin manya, suna kuma da zafin naman ƙanana.

Nijeriya tana da bakin magana a wannan gardama, domin ta taɓa riƙe kambin duniya na ajin har sau biyu ta hannun Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger. Tambayar da ake yi ita ce, da za a ɗauko Tiger na shekarar 1963 a sa shi cikin igiya da Marvin Hagler na Amurka, wanda ya mallaki ajin daga 1980 zuwa 1987, wa za a ɗaga wa hannu? Kishin ƙasa yana da amsarsa tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Amma dambe ba ya tambayar garinsu mutum, sai a duba abin da kowannensu ya aikata.

An haifi Tiger a Amaigbo, cikin Jihar Imo ta yanzu, a 1929. Ya yi tallar kwalabe a kasuwar Aba kafin ya kama dambe, kuma bai sami wani gwanin mai koyarwa ba sai da ya girma. A 1955 ya shiga jirgin ruwa zuwa Liverpool ta Ingila, inda sanyi da baƙunta suka taru suka yi masa rubdugu, aka cinye shi a wasanni huɗu na farko a jere. Wani da ya tattara nasa ya nasa ya komo gida. Shi kuwa ya daure, a 1957 ya farfasa wa Terry Downes fuska har aka tsayar da wasa, Downes ɗin nan da ya zo ya zama zakaran duniya daga baya. A 1958 ya kashe Pat McAteer a turmi na 9 ya karɓi kambin ƙasashen Daular Ingila, sa'an nan a 1959 ya ƙetara Amurka.

Ran 23 ga Oktoba 1962, a San Francisco, ya gamu da Gene Fullmer, wani ƙaƙƙarfan Bature mai dambe kamar bijimin sa, wanda ya taɓa cin Sugar Ray Robinson sau biyu. Turmi 15 suka yi, Tiger ya ci da maki ya zama zakaran duniya yana da shekara 33. Suka sake a Las Vegas a Fabrairun 1963 aka yi kunnen doki. Karo na uku shi ne wanda dattawan Badun ba su manta ba. Ran 10 ga Agusta 1963 aka kafa dandali a filin wasa na Liberty, wanda tun 2010 ake kira da sunan Obafemi Awolowo, dubban mutane suka cika shi maƙil. Wannan ne karo na farko da aka yi wasan kambin duniya a Afirka ta Yamma, shekara 11 kafin Muhammad Ali da George Foreman su je Kinshasa. Tiger ya yi ta jibgar Fullmer, jini ya rufe masa fuska, bayan turmi na 7 aka ce ya isa. Fullmer bai sake dambe ba har ya bar duniya.

Abin lura a nan shi ne irin mutumin da Fullmer yake. Mai zuwa gaba ne, mai ture abokin karawa da ƙirji da kafaɗa har ya gajiyar da shi. Wannan kuwa shi ne abincin Tiger. Tiger gajere ne, ƙafa 5 da inci 8, ga faɗin kafaɗa, ga cinyoyi kamar turmin daka, in ya kafa ƙafa ba mai gusar da shi. Ba ya yawan fara kai hari. Jira yake a kawo masa, ya tare da hannu ko ya sunkuya, sa'an nan ya mayar da naushin hagu mai lanƙwasa a haƙarƙari, ya bi da wani a muƙamuƙi. Duk wanda ya zo masa da ƙarfi ya sha wuya. Florentino Fernandez na Kyuba, wanda ake jin tsoron hagunsa, ya tashi da karyayyen hanci a 1962. Rubin Carter, wanda ake wa kirari da guguwa, ya faɗi sau uku a gabansa a New York a 1965, ya ƙarasa turmi 10 da ƙyar.

To, sai a juya ɗaya gefen kwabon. A Disambar 1963, wata huɗu kacal bayan shagalin Badun, Joey Giardello ya raba shi da kambin a Atlantic City, ba kuwa da ƙarfi ba. Giardello ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya zungura da hagu ya kauce, ya sake zungura ya kewaya, Tiger yana bin sa yana jiran faɗan da bai zo ba har turmi 15 suka ƙare. A 1964 Joey Archer, wanda naushinsa ba ya kashe kowa, ya ci shi da irin wannan dabara, ko da yake alƙalai sun rabu a kan hukuncin. Tiger ya ƙwato kambinsa daga Giardello a Oktoban 1965, amma a Afrilun 1966 Emile Griffith, wanda ya hauro daga ajin ƙasa kuma Tiger ya fi shi nauyi da kusan laba 10, ya sake raba shi da shi. Ran nan ne aka fara ganin Tiger a ƙasa, a turmi na 9. Da yawa daga 'yan jaridun da ke bakin dandali sun ga Tiger ne ya ci, amma takardar alƙalai ita ce magana.

Saboda haka ba a ɓoye sirrin Tiger yake ba. Mai zuwa masa ya halaka, mai kewaya shi ya tsira.

Akwai masu son yanke gardamar nan da lissafin wane ya ci wane. Su ce ai Griffith ya ci Tiger sau biyu, shi kuma Griffith ya sha kashi a hannun Vito Antuofermo a 1974 da Alan Minter a 1977, waɗannan biyun kuwa Hagler ya gama da su, ashe ke nan Hagler ya fi Tiger nesa ba kusa ba. Wannan lissafin dokin rano ne. Griffith ɗin da Minter ya ci tsoho ne mai shekara 39, wasansa na ƙarshe ke nan. Bugu da ƙari, in za a bi wannan hanya, ai Rubin Carter ya gama da Griffith a turmin farko a 1963, Tiger ya yi wa Carter dukan kawo wuƙa, sa'an nan Griffith ya zo ya ci Tiger. Wa ya fi wani ke nan a cikin ukun? Dambe salo ne ke cin salo, kamar yadda wani maganin ke yi wa wani ciwo ya ƙi wani.

Shi Hagler an haife shi a Newark a 1954, ya tashi a Brockton, a hannun wasu 'yan'uwa biyu masu koyarwa, Goody da Pat Petronelli. Shi ma bai sami duniya a ɓagas ba. Ya je Philadelphia a 1976 aka cinye shi sau biyu, Bobby Watts da Willie Monroe, ya dawo ya rama a kan kowannensu da kisa. Masu kambi suka yi ta guje masa shekara da shekaru. Da ya sami dama a Nuwamban 1979 a kan Antuofermo, alƙalai suka ce kunnen doki, abin da ya ci masa rai matuƙa. A Satumban 1980 ya je London ya tsattsage fuskar Minter cikin turmi 3, 'yan kallo suka yi ta jifa da kwalabe har 'yan sanda suka fitar da shi ba a ɗaura masa kambin a dandali ba. Daga nan ya kare kambin sau 12. Ya yi wasa 67, ya ci 62, 52 daga ciki ba su kai ƙarshe ba, aka ci shi 3, kunnen doki 2. Tiger kuwa ya ci 60, 27 da kisa, aka ci shi 19, kunnen doki 3. Sai dai kada mai karatu ya ruɗu da 19 ɗin nan, domin kaso mai yawa daga ciki na zamanin koyo ne a gida da Ingila, da kuma na tsufa.

Abu uku Hagler yake da su da za su dami Tiger. Na farko bahago ne, dama yake sawa gaba, kuma yana iya juyawa ya koma na-dama a tsakiyar turmi ba tare da ya rage komai ba. Manyan abokan karawar Tiger, su Fullmer da Giardello da Carter da Griffith, duk na-dama ne. Na biyu tsawon hannu, domin in ya buɗe hannuwansa sun kai inci 75, na Tiger kuwa 71, kuma zungurin damansa ba na tsokana ba ne, yana tafe da nauyin da ke fasa gira. Na uku, wanda ya fi duka, haɓa. A duk rayuwarsa ta dambe sau ɗaya aka taɓa ƙirga masa faɗuwa, a wasansa da Juan Roldan na Ajantina a 1984, ita ma har ya mutu yana cewa santsi ne da turi. Tiger ba mai kisa da naushi ɗaya ba ne, sassaƙa yake yi a hankali, saboda haka batun ya kwantar da Hagler ma bai taso ba.

Amma fa Hagler iri biyu ne, kuma a nan ne magoya bayan Tiger suke da abin kamawa. Akwai Hagler mai haƙuri na 1980 zuwa 1983, mai taka rawa a kan yatsun ƙafa, ya zungura ya kewaya, sai ya ga mutum ya laushi ya rufe shi da duka. Akwai kuma Hagler na 1985 da 1986, wanda ƙafa ta fara yi wa nauyi ya koma mai tsayawa a yi ta ta ƙare. Ran 15 ga Afrilu 1985 ya afka wa Thomas Hearns tun daga ƙararrawar farko, aka yi minti takwas na bala'i, goshinsa ya tsage har alƙalin wasa ya kira likita ya duba, kafin ya kashe Hearns a turmi na 3. Hearns dogo ne siriri mai raunin haɓa, ya kuma karya hannunsa na dama a turmin farko. Da Tiger Hagler ya yi wa wannan shiga, da ya tarar da bango. A Maris na 1986 kuma John Mugabi na Yuganda, wanda kafin ranar duk wanda ya kara da shi bai kai ƙarshen wasa ba, ya tsaya ƙafa da ƙafa da Hagler har turmi na 11 kafin ya faɗi, kuma Hagler ya sha naushin da bai taɓa sha ba. Mugabi yana da ƙarfi, amma bai kai Tiger iya tare naushi ba, bai kai shi dogon numfashi ba, bai kuma san dukan ciki kamarsa ba. Hagler ɗin da ya yi wannan wasa, Tiger na Badun yana iya cin sa da maki.

Har ila yau Hagler yana da wata ɗabi'a ta girmama babban suna fiye da kima. Da ya gamu da Roberto Duran a 1983, mutumin da ya taso daga ajin laba 135, ya yi ta taka-tsantsan har bayan turmi na 13 alƙalai biyu suna ganin Duran ne a gaba, sai da ya zage a turmi biyun ƙarshe ya tsira. A 1987 ya bar wa Sugar Ray Leonard turmin farko-farko yana dambe ta dama, kyautar da ta jawo masa asarar kambinsa, ya yi fushi ya bar dambe yana da shekara 32. Abin mamaki, a shekarun da Hagler ya rataye safar hannu, Tiger bai ma ɗanɗani kambin duniya ba tukuna.

Sai dai wannan taka-tsantsan ɗin, da ya kusa kayar da shi a gaban Duran, shi ne zai cece shi a gaban Tiger. Duran da Leonard sun fi shi saurin hannu, sun sace maki. Tiger ba ɓarawon maki ba ne. Mutumin da ya ji tsoronsa ya tsaya daga nesa, shi ne wanda ya fi ba shi wahala.

Dole kuma a yi maganar ƙa'ida, don zamanin ba ɗaya ba ne. Su biyun duk 'yan turmi 15 ne, sai a ƙarshen zamanin Hagler aka rage wasan kambi zuwa 12, bayan mutuwar ɗan Koriya Duk Koo Kim a 1982. Su biyun duk a ranar wasa aka saba auna su. Wannan ya sa gwada Tiger da Hagler ya fi sauƙi a kan gwada shi da mutanen baya-bayan nan irin su Gennady Golovkin na Kazakistan, domin yanzu tun jajibiri ake hawa sikeli, mutum ya matse ruwan jikinsa ya yi laba 160, kafin gobe ya ci ya sha ya shiga igiya da nauyin ajin sama. Tiger kuwa ko da ya hau ajin laba 175 ya karɓe kambi daga Jose Torres a Disambar 1966, bai kai laba 170 ba. Duk da haka, Golovkin mai zuwa gaba ne, ba ya ja da baya, saboda haka a cikin manyan ajin nan shi ne wanda salonsa ya fi yi wa Tiger daɗi, kuma shi ne wasan da 'yan kallo za su fi morewa.

Wanda zai fi Hagler zame masa ƙarfen ƙafa shi ne Carlos Monzon na Ajantina, da ya riƙe kambin daga 1970 zuwa 1977 ya kare shi sau 14. Dogo ne, kusan ƙafa 6, ba ya gaggawa, ba ya fushi a cikin igiya, hagunsa kamar tabarya, in an matso ya rungume. Kaɗan ya rage zamaninsu ya haɗu, domin Nino Benvenuti na Italiya da Monzon ya kashe a turmi na 12 a Rum a Nuwamban 1970, Tiger ya riga ya ci shi da maki a New York a Mayun 1969 yana ɗan shekara 39, sai dai ba a sa kambi a wasan ba. Dogon mutum mai haƙuri shi ne dafin Tiger, kamar yadda Bob Foster mai ƙafa 6 da inci 3 ya nuna a Mayun 1968, ran da ya kwantar da shi a turmi na 4 har aka ƙirga goma, abin da ba wanda ya taɓa yi masa. Batun Robinson kuwa gajere ne. Robinson na 1951, wanda ya ragargaji Jake LaMotta, ya fi ƙarfin kowa. Robinson na 1957 zuwa 1961, wanda Fullmer ya wahalar, Tiger zai ci shi.

Akwai abin da ya kamata a sani game da wasannin Tiger na ƙarshe, don kada a auna shi da su. Lokacin da ya kara da Foster ana tsakiyar yaƙin basasa, shi kuma ya bi ɓangaren Biyafara, ya sa dukiyarsa da sunansa a ciki, har ya mayar wa Ingila lambar girma ta MBE da ta ba shi. Masu karatu da yawa iyayensu suna ɗaya ɓangaren a wancan yaƙi, kuma kowa da abin da ya rasa. Shi dai ya rasa gidaje da kadarorin da ya tara da gumin fuskarsa, ya ci gaba da dambe a shekarun da ya kamata a ce yana hutawa. Wasansa na ƙarshe a Yulin 1970 ne, Griffith ya sake cin sa. Ya yi aikin gadi a wani gidan ajiye kayan tarihi a New York, ciwon daji ya kama masa hanta, ya komo gida ya rasu a Aba ran 14 ga Disamba 1971 yana da shekara 42. Hagler ya rasu ran 13 ga Maris 2021.

To, a sa su a igiya, turmi 15, a auna su da safe, Tiger na 1963 da Hagler na 1982. Turmi huɗu ko biyar na farko na Hagler ne, yana kewayawa yana zungurin dama, Tiger yana tafe a hankali hannuwa a sama yana neman inda zai datse shi. Wajen turmi na 6 zuwa na 9 Hagler zai gaji da rawa, ko zuciya ta ɗebe shi ya tsaya ya gwada ƙarfi, domin shi ma ba ya son a ce ya guji wani. Nan ne zai ji hagun Tiger a haƙarƙari, ya gane cewa wannan mutumin ba ya turuwa, kuma mai yiwuwa ne gira ko goshi ya tsage. Su Petronelli za su ja masa kunne a kusurwa, ya koma nesa, ya riƙa juya tsayuwa daga hagu zuwa dama yana ɓata wa Tiger lissafi. Tiger zai ci turmi ɗaya ko biyu a ƙarshe don ba ya gajiya, amma ramin da aka haƙa masa da farko ya yi zurfi. Ba wanda zai faɗi. Alƙalai za su ba Hagler kamar turmi 9, Tiger 6.

In kuwa Hagler na 1986 aka kawo, wanda ya tsaya wa Mugabi, kuma aka kafa dandalin a Liberty cikin zafin Badun, sai a juya wannan lissafin.